Jan Kamfai a Shekarar Biri

Tianjin, farkon Afrilu

Tsoho,

Bayan gaisuwa, da fatan takardar nan ta same ka a Shanhaiguan da ƙafafunka lafiya, tun kafin ka fara lalata su. Mu nan ƙalau muke. Jikanka Dudu ya fitar da haƙora, yana cizon duk wanda ya ɗauke shi. Haitao da matarsa Yaling da sassafe suke fita aiki, ni da yaron muke wuni. Gwiwata ta hagu tana nan yadda ka san ta.

Ban buga waya masaukinka ba, domin wayar gidan nan a falo take, maganar kuma ba ta gaban suruka ba ce. Buɗe ƙunshin. Kamfai ne guda uku, jajaye, na auduga mai kauri. Ni na ɗinka, kowane ɗinki na bi shi sau biyu don kar ya ɓarke maka a kan dutse ka kunyata mu.

A shekarar Biri aka haife ka, ga Biri ya zagayo, ga ka da sittin cif. Kowa ya san in dabbar shekarar haihuwar mutum ta dawo, duk bayan shekara goma sha biyu, shekarar da fitina take zuwa. Masu hankali ja suke sawa a jiki, su zauna gida su lallaɓa har ta wuce. Kai kuwa sai bana ka ga damar taka Babbar Ganuwa da ƙafa, daga bakin teku har gidanmu a Datong. Shekara talatin kana soya kabeji a kicin ɗin jirgin ƙasa kana leƙen ta ta taga, ba ta gudu ba. Da ka ƙara mata shekara ɗaya, wa zai sace ta?

Na haƙura, tunda kunnen ƙashi gare ka. Amma kar ka manta da sharaɗinmu. Ja a jikinka kullum, yana taɓa fata. Ran da ka tuɓe shi, ranar tafiya ta ƙare, ka nemi tasha mafi kusa. Kai ka ce ka yarda, har da bugun ƙirji. Kar kuma ka ce za ka sayi wani a hanya, ka san wanda mutum ya saya wa kansa ba ya tsare komai, sai wanda aka ba shi.

Ka riƙa rubuto mini sunan garin da ke gabanka, in aika gidan wayarsu su ajiye maka.

Matarka,
Sulan

*

Zunhua, tsakiyar Mayu

Maman Haitao,

Ina gaishe ki da kyau, ke da yara da mai cizo. Ki riƙa gasa gwiwar nan da ruwan zafi, na san ba kya yi sai an tsaya a kanki. Ni lafiyata ƙalau, ina ci kamar gara.

Ƙunshi ya iso hannuna ana gobe zan tashi. Na gode. Ɗinki kam ko soja sai haka.

Sulan, Ganuwar nan ta yaudare ni. Daga tagar kicin sumul take, a miƙe a kan duwatsu kamar taliya. Da ƙafa kuwa duk tsakuwa ce da ƙaya, wani wurin ta rushe sai ka yi rarrafe, wani wurin manoma sun kwashe tubalin sun gina wa aladu ɗaki. Amma da safe in na hau sama na ga ta wuce gabana har inda ido ya ƙare, sai in ji kamar in yi waƙa. Na yi ma sau ɗaya, awaki suka watse.

Na sami abokin tafiya, Lao Bi, tsohon malamin makaranta daga Shenyang. Duk shekara yana irin wannan yawo. Mutumin da ya yanke rabin mariƙin buroshin haƙorinsa don rage nauyi, kin ga ai ba ƙaramin mahaukaci ba ne. Ranar da ya fara ganin wankina sai ya tsaya ya riƙe ƙugu.

“Lao Pang, wannan wando ne ko tutar buɗe sabon kanti?”

Na ce, “Umarni ne daga sama.”

Ya ce, “Wace saman?”

Na ce, “Wadda ke Tianjin tana renon jika.”

Ya yi dariya har da tari, sannan ya yi mini dogon karatu a kan auduga, wanda ba zan gajiyar da ke da shi ba.

Ga hoto nan, shi ya ɗauke ni a kan wata hasumiya, aka wanke a nan garin. Ki duba da kyau ki ga yadda tumbin da kike wa gori ya fara sauka. Gari na gaba Gubeikou.

Naki,
Deshun

*

Tianjin, ƙarshen Mayu

Pang Deshun,

Muna lafiya. Da fatan kai ma haka, ko da yake na ga alama lafiya ta yi maka yawa.

Ka ce in duba hoto da kyau, na kuwa duba. Yaling ce ta manna shi a jikin firij don Dudu ya riƙa ganin kakansa. Muna cin abinci sai ta ce, “Mama, waɗannan jajayen da ke lilo a bayan jakar Baba, na mene ne? Alama ce ta masu hawan dutse?”

Na ce mata eh, alama ce. Da suka fita aiki na ɗauko tabarau. Uku na ɗinka. Uku ke rataye a jakarka suna shan iska. To me ke jikinka a wannan hoton, da kake washe baki?

Dogon karatun da ka ce ba za ka gajiyar da ni da shi ba, ashe kai ka haddace shi har ka ci jarrabawa. Malamin da ka sani jiya ya fi matar da ta wanke maka kaya shekara talatin da biyu.

Ka san ba wasa nake da wannan abu ba. Kana nan lokacin Yaya Fugen. Talatin da shida yake, dabbarsa ta zagayo, Inna ta ɗinka masa jan ɗamara, ya yi dariya ya ɗaure wa karen gida. Kafin kaka ramin kwal ya rufta da shi. Kai ka riƙe Inna a bakin ramin. Tun ranar da ka tafi, duk sanda wayar falo ta yi ƙara sai in riga kowa ɗauka. Abin da ke sa in iya haɗiye abinci shi ne tunanin akwai ja a jikinka. Ashe jaka nake wa tsaro.

Ban ji haushin tuɓewar kamar yadda na ji na ɓoyewar ba. Sharaɗi dai sharaɗi ne. Akwai tasha a Gubeikou, ka fi ni saninta. Ka dawo.

Sulan

*

Gubeikou, Yuni

Sulan,

Na karɓi takardarki, na karanta a tsaye a gidan waya, sannan na nemi benci. Da fatan kina lafiya. Ni da sauƙi.

Kin kama ni, ba ni da bakin musu. Amma ki ji yadda aka yi. Auduga in ta sha gumi ba ta saki. Kafin rana ta take tsaka ya jiƙe sharkaf, ya naɗe a matsematsi, ɗinkin nan naki mai bi biyu ya riƙa yanka ta kamar zarto. Cinyoyina suka saɓule, ina tafiya a buɗe kamar wanda ya wuni a kan jaki. In na hau sama iska ta buge ni, sai jiƙaƙƙen ya koma ƙanƙara a jikina. In na wanke da yamma, gari ya waye bai bushe ba, shi ya sa kika gan su a rataye. Lao Bi ya ga ina ɗingishi, ya ciro nasa sabo da bai taɓa sawa ba. Ruwan toka ne, shara-shara, ƙafarsa ta sauko har rabin cinya, babu ɗinki a tsakiya, yana bushewa kafin mutum ya gama kwanon taliya. Na sa, na ce wa kaina ai jan yana tare da ni. Na san wayo ne, shi ya sa ban rubuta ba.

Lao Bi ya juya gida daga nan. Na wanke masa wandonsa na mayar, ya ce, “Riƙe mana, wa zai sa bayanka?” Na ce ya kai wa karensa. Yanzu da nake rubutun nan naki ne a jikina.

Tasha tana ƙasa, ina jin kukan jirgi daga ɗakin nan. Ban hau ba, Sulan. Duk rayuwata wani ne ya shimfiɗa hanya, jirgi ya bi, ni ina ciki ina yanka albasa. Wannan kaɗai ce na zaɓa da kaina, kuma na kusa rabi. Na karya alkawari, na sake ɗaure shi, ki bar ni in ƙarasa. Ba za ki sake jin maganar cinya daga bakina ba.

Gari na gaba Chicheng, amma da nisa.

Deshun

*

Tianjin, tsakiyar Yuli

Tsoho,

Da fatan kana lafiya. Ka ga na rubuta haka ne don ban san me zan sa a wurin ba. Mu lafiya. Dudu ya fara tsayuwa yana dafa kujera.

Da ka ce ba zan sake jin maganar cinya ba, na ɗauka fushi ne, irin naka na shiga kicin ka yi ta buga tukwane. Na ce to mu zuba, a ga wanda zai fara gajiya. Ban ba ka amsa ba da gangan. Yanzu wata guda ya wuce babu ko layi ɗaya, kuma kullum talabijin na nuna ruwan da ake tafkawa a duwatsun arewa. Haitao ya buga gidan wayar Chicheng, sun ce babu wani Pang da ya zo neman saƙo.

Akwai ragowar yadin nan a wurina. Shekaranjiya na yanki ƙyalle, na bi shi da ɗinki biyu, na jiƙa, na ɗaure a hammata na tafi kasuwa da shi. Kafin in dawo wurin ya yi ja yana raɗaɗi, kasuwar da ke bayan gida. Na shanya shi a baranda, har yau da danshinsa. Na zauna na tasa shi a gaba, Yaling ta ce, “Mama, lafiya kike kallon tsumma?” Na ce mata hayaƙin girki ne ya shiga mini ido.

In fushi kake, ka yi fushin, amma ka rubuto ka ce fushi ne. Tsoro nake ji, Deshun.

Sulan

*

Wani ƙauye kafin Chicheng, ƙarshen Yuli

Maman Haitao,

Ina da rai, da wannan zan fara. Ina gaishe ki, ina gaida yara. Ba fushi ba ne. Yau aka karɓo mini takardarki daga Chicheng, yau kuma na sami ƙarfin riƙe biro.

Ruwa ya same ni a sama, inda babu gida ko ɗaya. Kwana da kwanaki babu abin da ya bushe. Ciwon ya sake buɗewa, ya yi ruwa, na ci gaba da tafiya tunda na ce ba zan ƙara magana ba. Wata safiya na zauna a gindin wata rusasshiyar hasumiya in huta, zazzaɓi ya rufe ni, na nemi tashi na kasa.

Wani makiyayi, Lao Geng, shi ya tsince ni. Da na dawo hayyacina na tambaye shi yadda aka yi ya hango ni cikin wannan hazo.

Ya ce, “Ni ban hango ka ba. Jajayen ƙyallaye biyu na gani suna kaɗawa a sama. Na ɗauka masu awon titi ne suka kafa tuta, na hau in yi musu rashin mutunci, don na ji an ce ta gonata za a bi. Na zo da zagina a baki, sai na tarar da tsoho da wandunansa.”

A kan jakinsa ya sauko da ni. Likitar ƙauyen, wata mai faɗa irin naki, da almakashi ta cire na ukun daga jikina. Ta juya shi ta duba ɗinkin, ta ce, “Kawu, wanda ya ɗinka wannan yana son ka, amma bai taɓa hawa dutse ba.” Ta yi mini allurai. Matar Lao Geng tana ɗura mini kunun gero safe da yamma, ba gishiri ba komai, ni da na ciyar da jirgi guda.

Kin ga ke nan, wandonki ya kayar da ni, wandonki ya tashe ni. Ban san yadda za ki yi wannan lissafin ba.

Ga gaskiyar da ta rage. Likita ta hana ni sa komai sai fata ta rufe, yanzu haka zani ne kawai a kaina. Ta kuma ce in na mayar da audugar nan na hau dutse, kar in dawo mata. Ba zan iya tafiya da shi ba, ba kuma zan sake yi miki wayo ba. Don haka magana ta koma hannunki. Motar Zhangjiakou tana bi ta nan, daga can jirgi ne. In kin ce dawo, zan hau, ba kuma zan buga tukwane ba. Raina dai ba zai so ba, saura kaɗan in hango duwatsunmu.

Ki rubuto ta hannun likitar.

Deshun

*

Datong, Agusta

Tsoho,

Sannu da jiki. Ka sha kunun, ka yi shiru. Ka gaishe mini da Lao Geng da matarsa, ga ganyen shayi nan nasu ne, kar ka taɓa. Ni lafiya. Ka duba saman takardar, daga gida nake rubutu. Uwar Yaling ta zo ta karɓi Dudu.

Tikitin Zhangjiakou na yanka. Niyyata in zo in saka ka a gaba har gida, ko da a zanin ne. Bayan mun wuce Beijing na tashi na shiga taragon abinci, na ce wa yaran kicin mijina ya yi aiki a nan, su bar ni in leƙa. Deshun, ashe tagar ko faranti ba ta kai ba. Na sa fuskata, ga maiƙo, ga zafin wuta, sai ga Ganuwar can sama ta bayyana, kafin in gyara tabarau dutse ya rufe ta. Na jira ta sake fitowa, ta sake ɓacewa. Shekara talatin haka kake ganinta, ba ka taɓa gaya mini ƙanƙantar tagar ba.

Da muka isa Zhangjiakou na tsaya a bakin ƙofa da jakata. Mai duba tikiti ya ce, “Goggo, sauka za ki yi ko gadin ƙofa?” Na ce, “Ƙara mini zuwa Datong.” Na san kaina, in na ga yadda ka rame ba zan bar ka ka ƙara taku ɗaya ba.

Na buɗe akwatin Inna. Ka tuna jan silikin da ta ba mu na fuskar bargon aure, mai agwagi biyu a tsakiya, wanda na hana kowa taɓawa? Na yanki bakinsa na jiƙa na shanya, kafin in gama shan shayi ya bushe. Na ɗaura a hammata na je kasuwa na dawo, ban ji komai ba. Sai na sa masa almakashi.

Biyu ne a ƙunshin. Ƙafar ta sauko har rabin cinya, tsakiyar yanki ɗaya ce babu haɗi, sauran ɗinkin duk ta waje na juya shi. In ka ga kamar a bai-bai yake, haka ake sawa, kar ka gyara mini. Ka sa ɗaya, ka wanke ɗaya. Tsofaffin biyun kuma su ci gaba da zama a bayan jaka, tunda can aikinsu yake. Kar ka yi murna, ban daina yarda da ja ba, sharaɗi yana nan.

Rabin yadin kawai na yanka. Toron agwagwar ya faɗo a bayan ɗaya daga ciki, ba yadda na iya. Macen tana nan a rabin da ya rage, na shimfiɗa a kan gado.

Sai likita ta ce ka tashi za ka tashi. Daga nan ka ƙarasa abinka. Ka kawo mini toron gida da ƙafa.

Matarka,
Sulan

*

Yanggao, ƙarshen Satumba

Sulan,

Gaisuwa mai yawa. Ya gwiwa? Ni garau, fata ta rufe, sai tabo.

Da na buɗe ƙunshin a gidan Lao Geng na gane yadin tun kafin in warware. Na fita bayan gida wurin awaki na daɗe, matarsa ta ɗauka kunun ne ya ɓata mini ciki. Likita ta juya shi ciki da waje, ta ce, “To, yanzu mai ɗinkin ta hau dutse.”

Tun daga nan ko ƙurji ban yi ba. Ruwa ya sake dukana wajen Tianzhen, na wanke, na shanya, na sa ɗayan, da safe duka a bushe. Matsala ɗaya ce, duk inda na yi shanya sai an taru. Jiya wata tsohuwa mai masauki ta tsaya ta daɗe tana kallon toron a igiya, ta ce, “Ina macen?” Na ce tana gida. Ta ce, “To me kake jira a nan?” Ta ƙi ƙara mini shayi.

Yau da safe na ji mutane suna magana da harshen garinmu, na ci taliyar da aka zuba wa ruwan tsami yadda ya kamata. Saura 'yan kwanaki. Kar ki zo tarye ni a hanya da wannan gwiwar. Ki kwaɓa fulawa kawai ki rufe, taliyar ni zan yanka.

Toron yana tafe. Ya ɗan koɗe, ya sha zama a kan duwatsu, amma da ƙafarsa zai shigo. Ki bar ƙofa a buɗe.

Naki,
Deshun